Gyaran sandar manet a Yamai: abin da wani shago ya iya da inda yake sakaci

A layin masu gyaran salula da ke gefen Babbar Kasuwar Yamai akwai wani ɗan shago marar allon suna, wanda ake gane shi da manet-manet ɗin wasan bidiyo, wato na'urorin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa wasa da su, da aka rataye da igiya a bakin ƙofarsa. Mai shagon ya fara ne da gyaran waya kamar maƙwabtansa, daga baya ya bar wa yaransa wannan ɓangare ya mayar da hankalinsa kan manet, musamman ciwon nan da masu PlayStation da Xbox da Switch suke kuka da shi a ko'ina cikin duniya, wato zamewar sanda, ƴar sandar nan da ake juyawa da babban yatsa. Ƙanena yana da ɗakin wasa a unguwar Bukoki, ni kuma nake riƙe masa lissafi, saboda haka duk manet ɗin da ya fara ɓata wa yara rai ta hannuna yake bi ya je wurin gyara. A ganina aikin shagon ya ci kuɗinsa, kuma ga mazaunin Yamai ya fi alkawarin gyara na manyan kamfanoni amfani nesa ba kusa ba, amma akwai wuraren da mai shagon yake sakaci, waɗanda ya kamata mutum ya sani kafin ya miƙa kayansa.

Wanda bai taɓa gamuwa da matsalar ba zai iya ɗauka ƙaramin abu ne. Mutum zai ɗauke babban yatsansa daga kan sanda, amma ɗan wasan da yake sarrafawa ya ci gaba da tafiya hagu shi kaɗai, ko kuwa a wurin zaɓen ƙungiya alamar ta riƙa gangarawa ƙasa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. A wasan ƙwallo, wanda da shi ɗakunan wasa na garin nan suke cin abinci, hakan yana nufin mai tsaron baya ya bar wurinsa a daidai lokacin da ake buƙatarsa, ko bugun fanareti ya tafi waje. Yaron da ya biya kuɗinsa ya sha kashi a gaban abokansa ba zai yarda cewa laifinsa ne ba, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Daga nan sai gardama, sai a ce a mayar da kuɗi, sai kowa ya shiga rige-rigen ɗaukar manet ɗin da aka san yana da lafiya, wanda shi ma ta haka yake saurin bin sahun ƴan'uwansa.

Ba za a iya auna aikin mai gyara ba sai an san abin da ke lalacewa. A ƙarƙashin hular robar da yatsa ke taɓawa akwai wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai wuce ƙwayar sukari mai kusurwa huɗu ba, kuma a cikinsa ne gindin sandar yake zaune a kan sifirin ɗin da ke mayar da ita tsakiya idan an sake ta. A gefuna biyu na akwatin an maƙala ƙananan ma'aunai biyu, ɗaya yana lura da motsin sama da ƙasa, ɗaya da na hagu da dama. Cikin kowane ma'auni akwai siririn layi na gawayi mai lanƙwasa wanda lantarki ke bi ta cikinsa, da kuma wani ɗan harshen ƙarfe da ke goga a kansa duk lokacin da sandar ta motsa. Inda harshen ya tsaya a kan layin shi ke ƙayyade ƙarfin lantarkin da zai fita, kuma da wannan ƙarfi ne manet yake gane inda yatsa ya kai sandar. Tun da aikin gaba ɗaya a kan goga ya dogara, kowane motsi yana kankare ɗan abu daga layin gawayin, garin da ya kankaru ya taru a ciki, ya haɗu da ƙura da gumin hannu, har wata rana manet ya karanta lamba ta karkace alhali sandar tana tsaye. Wani lokaci kuma layin lafiyarsa lau, sifirin ne ya gaji ya daina mayar da sandar daidai inda ya saba.

Kamfanin iFixit na Amurka, wanda ya shahara da kwance na'urori yana bayyana yadda ake gyara su, ya binciki manet ɗin DualSense na PlayStation 5 a watan Fabrairun 2021, ya nuna cewa akwatin sandarsa ƙirar kamfanin Alps ne na Japan, irin wanda ke cikin DualShock 4 na PlayStation 4 da manet ɗin Xbox da Switch Pro. Takardar bayanin da Alps ya fitar ta ƙiyasta wa akwatin juyi 2,000,000, maɓallin da ke ƙarƙashin sandar kuma dannawa 500,000. Da masu binciken suka ƙirga yawan motsin da mai wasan harbi yake yi a minti guda, sai lissafinsu ya ba su kimanin awa 417 kafin a cinye wancan adadi. Wannan ƙiyasi ne, ba ranar ajali ba ce, akwai sandunan da ke wuce haka da nisa. Amma idan aka ɗora shi a kan ɗakin wasa da ke aiki awa goma a yini, abin bai wuce mako shida ba, kuma wannan kafin a sa ƙurar hunturu a lissafi, wadda daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta barin ko cikin akwatin da aka kulle, da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana sa tafin hannu zufa.

Batun ƙura ba zargin masu gyara ba ne kawai. A watan Satumban 2020 ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai ƙarar Nintendo bisa zargin ƙera kayan da aka san ba za su daɗe ba, kuma ƙwararrun da ta sa suka binciki ƙananan manet ɗin Joy-Con na Switch sun nuna abu biyu: saurin cinyewar sashen da ake gogawa, da rashin toshe kafofin da ƙura da datti ke shiga. Idan har a Faransa ƙura ta isa a ambace ta a takardar ƙara, ba sai an yi dogon bayani a kan Yamai ba.

Tarihin yadda kamfanonin suka amsa wannan kuka yana da amfani ga mai karatu, domin daga cikinsa ne ake ganin wa aka yi wa alkawari. Switch ya fito a watan Maris na 2017, kuma a Yulin 2019 aka shigar da ƙarar taron dangi, wato ƙarar da ake kaiwa a madadin masu saye da yawa, a kan Nintendo a Amurka, bayan haka kamfanin ya fara gyara Joy-Con kyauta a Arewacin Amurka ko da garanti ya ƙare. A Yunin 2020 shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya nemi afuwar masu saye a taron masu hannun jari. A Janairun 2021 ƙungiyar BEUC, wadda ta haɗa ƙungiyoyin masu saye na Turai, ta kai kuka gaban Hukumar Tarayyar Turai da ƙorafi kusan 25,000, tana cewa a kashi 88 cikin ɗari na waɗanda suka kawo kuka manet ɗin ya lalace ne cikin shekara biyun farko. Sai a Afrilun 2023 aka sanar cewa Nintendo ya amince ya riƙa gyara wannan matsala kyauta a ƙasashen yankin tattalin arzikin Turai, har da Birtaniya da Switzerland, ko garanti yana nan ko ya wuce. A tsakanin nan, a shekarar 2021, manyan injiniyoyin kamfanin sun ce suna ta inganta sandar, amma cinyewa ba ta da makawa, ɗaya daga cikinsu ma ya kwatanta ta da tayar mota da ke cinyewa muddin tana taɓa ƙasa.

Sony shi ma an kai shi ƙarar taron dangi a Amurka a Fabrairun 2021, wata uku kacal bayan fitowar PlayStation 5. Amsar da ta fi fitowa fili daga gare shi ita ce DualSense Edge na Janairun 2023, wanda ake zare akwatin sandarsa da hannu a sa sabo ba tare da narka dalma ba. Sai dai manet ɗin ya fito a kan dalar Amurka 200, wato sama da sefa 100,000, kowane akwatin canji kuma dalar Amurka 20. Microsoft, mai Xbox, ya tsawaita garantin manet ɗinsa na Elite Series 2 daga kwana 90 zuwa shekara ɗaya a Oktoban 2020, a 2023 kuma ya fara sayar da kayan gyaran manet ga masu son su gyara da kansu. Ko da Switch 2 ya fito a Yunin 2025, wani jami'in Nintendo ya riga ya tabbatar cewa sandunansa ba irin masu maganaɗisu ba ne, waɗanda zan yi magana a kansu a gaba.

Duk waɗannan tsare-tsare an ɗaure su ne da ƙasashe, kuma Nijar ba ta cikin jerin. Yawancin na'urorin wasan da ke garin nan sun shigo ne ta hannun ƴan kasuwa masu zuwa Dubai ko Kano, ko a jakar wani ɗan'uwa da ya dawo daga Turai, da yawansu na hannu ne, kuma kaɗan ne suke da takardar saye da kamfani zai karɓa. Ko da mutum yana da takardar, dole ya nemi wanda zai ɗauki manet ɗin zuwa can, ya aika shi daga adireshin can, ya jira, sannan ya nemi wani matafiyin da zai dawo da shi. Kafin nan ɗakin wasa ya yi asarar da ta fi kuɗin sabo. Bayan wannan wahala kuma, abin da za a sa masa shi ne sabon akwati mai aiki da goga, wanda zai dawo cikin ƙurar da ta cinye na farko. Wuri ɗaya ne nake ganin hanyar kamfani tana da ma'ana: mai Joy-Con wanda yake da ɗan'uwa mazaunin Turai da ke zuwa gida a kai a kai, kuma ba ya gaggawa. Irin wannan mutum kada ya bari kowa ya buɗe masa manet tukuna, domin kamfanin ya keɓe wa kansa ikon ƙin gyara abin da wani hannu ya riga ya taɓa.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina a shagon shi ne mai shi ba ya kama turnabis sai ya gwada. Yana da tsohuwar kwamfuta a gefen teburinsa, a buɗe kan wani shafin gwajin manet da ke nuna da'ira biyu, kowace da ɗigo a tsakiyarta da lambobi a ƙasa. Sai ya jona manet ɗin da waya, ya ajiye shi, ya janye hannunsa ya ce, "Malam, kada ka jingina da teburin, bari ya faɗa mana ciwonsa da kansa." Idan ɗigon yana rawa a wuri ɗaya, lambobin suna ta canzawa, to datti ne ko layin gawayi ya fara cinyewa. Idan ya tsaya cak amma a gefen tsakiya, sau da yawa saiti kaɗai ya isa. Daga nan sai ya ja sandar zuwa kowace kusurwa ya sake ta ta koma da kanta, yana kallon inda ɗigon zai sauka. Idan kowane karo wuri dabam yake sauka, sifirin da ƙarafan ciki ne suka saki, kuma ba wankin da zai yi maganin haka. Wannan gwaji ba ya ɗaukar lokaci, ba ya karɓar ko sisi a kansa, kuma a gabanka yake yinsa, ta yadda idan ya ce ga abin da za a canza, kai ma ka ga dalili da idonka.

Gyaran nasa mataki uku ne, kowane da kuɗinsa. Mafi arha shi ne wanki, inda yake buɗe manet ɗin ya ɓamɓare gefen ma'aunin a hankali, ya fito da ɗan faifan da ke ɗauke da harshen ƙarfe, ya goge layin gawayin da auduga da ruwan alkol irin na masu gyaran lantarki wanda ke bushewa nan take. Audugar takan fito baƙa ƙirin. Yana da tsananin faɗa a kan masu zuba turare ko fetur ko man keken ɗinki ta saman sanda, abin da yaran ɗakin wasa suke yi a ɓoye idan wasa ya yi zafi, domin mai yana riƙe ƙura ne ya mayar da ita taɓo, fetur kuma yana cin roba. Bai ɓoye mini ba cewa wanki jinkiri ne kawai, kuma haka na gani: waɗanda aka wanke suna dawowa da ciwonsu bayan ƴan makonni idan a ɗakin wasa suke, ko da yake manet ɗin gida da ake taɓawa ranar hutu kaɗai zai iya daɗewa. Mataki na biyu shi ne canza ma'aunin da ya cinye shi kaɗai, mai ƙafa uku, a bar sauran akwatin. Wannan yana da kyau idan gwaji ya nuna sifirin yana da ƙarfinsa.

A mataki na uku, wato cire akwatin gaba ɗaya, ake gane gwani. Akwatin yana da ƙafafu 14 da suka ratsa farantin lantarkin manet aka liƙe su da dalma ta baya, kuma dalmar masana'anta ba ta narkewa da wuri. Na tsaya na ga yadda yake yi: yakan fara ɗiga sabuwar dalma mai saurin narkewa a kan kowace ƙafa domin ta gauraya da tsohuwar, sannan ya ɗora bakin ƙarfen, ya zuƙe narkakkiyar da ɗan famfon hannu, ƙafa bayan ƙafa, yana ɗaga farantin sama yana duba ko haske ya ratsa ramin. Ba ya fizgar akwatin ko da ƙafa ɗaya ce ta rage a maƙale, saboda fizga tana ɗauke siririn zoben tagullar da ke kewaye da ramin, kuma idan wannan ya tashi an bar gyaran sanda an koma ɗinkin faranti da zaren waya, wanda ba kullum yake yin nasara ba. Ya nuna mini faranti biyu da aka kawo masa daga wasu wurare, duk sun ƙone sun yi ruwan ƙasa, wani ma an narkar da robar maɓallin da ke kusa. Idan wuta ta yi rauni ko ta ɗauke ba ya fara wannan aiki, ko da kana tsaye kana magiya, kuma a wannan ina bayansa.

Akwatin da zai mayar iri biyu ne, kai za ka zaɓa: ko irin na da mai goga, ko mai maganaɗisu wanda ya fi tsada. Na biyun yana aiki ne da wata ɗabi'ar lantarki da masanin kimiyya ɗan Amurka Edwin Hall ya gano a 1879. A madadin harshe da layin gawayi, ɗan ƙaramin maganaɗisu ne ke juyawa tare da sandar, wata ƙwayar lantarki kuma tana auna ƙarfinsa daga ɗan nesa ba tare da sun taɓa juna ba, saboda haka babu abin da zai kankaru a wurin awon, ƙura ma ba ta da layin da za ta ɓata. Fasahar ba sabuwa ba ce a wasan bidiyo, domin manet ɗin Dreamcast na kamfanin Sega, wanda ya fito a 1998, da ita yake aiki. Ƙananan kamfanoni irin su GuliKit ne suka dawo da ita kasuwa a matsayin kayan canji. Manet-manet ɗinmu da aka sa wa wannan iri sun ratsa hunturu guda cur a ɗakin wasa ɗigonsu bai yi rawa ba, alhali waɗanda aka mayar wa irin na da sun fara nuna alama kafin sanyi ya wuce. Duk da haka ba daidai ba ne a ce ba sa lalacewa, kamar yadda mai shagon yake faɗa idan ciniki ya ɗauke shi. Sifirin yana nan, ƙarafa da robobin da ke riƙe sandar suna nan, su ma suna gajiya, kuma ɗaya daga cikin namu ya fara sako-sako a tsakiya ko da yake awonsa daidai ne.

Abin da ya fi bambanta shagon da sauran da na sani shi ne saitin da yake yi bayan liƙi. Babu akwati biyu da tsakiyarsu take daidai da juna, kuma manet yana riƙe da lambobin tsohon akwatinsa a ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa mutum kan karɓi manet da sabuwar sanda ya tarar tana zamewa tun ranar farko, ya ɗauka an cuce shi da tsohon kaya. Mai shagon yana amfani da wata manhaja da masu sha'awar gyara suka rubuta suka sake ta kyauta a intanet, wadda ke koya wa manet sabuwar tsakiyarsa da iyakar da'irarsa, sannan a adana lambobin a cikinsa. Yakan juya sandar a hankali ta zagaye bakin raminta yana kallon yadda da'irar ke cika a fuskar kwamfuta, idan wani gefe bai kai ba ya sake. A kan akwati mai maganaɗisu wannan mataki wajibi ne, kuma wanda ya sa maka shi bai yi saiti ba rabin aiki ya yi maka.

Ta wannan manhajar ce kuma ake tona asirin jabu, wanda ya cika kasuwa fiye da yadda mutane suke zato. Akwai manet ɗin da kwalinsa da tambarinsa da nauyinsa ba su da maraba da na ainihi, amma manhajar ba ta karɓarsa, idan aka buɗe kuma farantin ciki dabam ne. A nan mai shagon yana da gaskiya ƙwarai, domin yakan ce maka kai tsaye kada ka kashe kuɗin akwati mai tsada a kan irin wannan, a wanke shi a ci gaba da lallaɓawa har ya mutu.

Inda ba na jin daɗinsa shi ne ba ya yin irin wannan nasiha idan manet ɗin na ainihi ne amma ya tsufa. Yana son sa mai maganaɗisu a kowane manet da ya shigo, ko da batirinsa ya daina riƙe caji, ramin cajinsa yana girgiɗi, maɓallansa na baya sun saki. Canza sanduna biyu a irin wannan yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo, kuma bayan wata ɗaya wani ciwon dabam zai kwantar da shi. Dole mai kaya ya duba sauran jikin manet ɗin da kansa kafin ya amince. Haka kuma kuɗin da yake karɓa a kan Joy-Con ya yi yawa, domin sandarsa ba a liƙe take da dalma ba, ƙananan kusoshi biyu ne ke riƙe ta da siririyar igiyar lantarki guda da ake zarewa, aikin da bai kai rabin wahalar wancan ba, amma farashin kusan ɗaya. A nan ciniki yana da wuri, kuma idan ka nuna ka san bambancin yakan yi dariya ya rage.

Babban sakacinsa shi ne rashin rubutu. Ba ya ba da takarda, ba ya rubuta ranar gyara, garantinsa na baki ne, "In ya sake yi, Malam, ka kawo mini, ai muna tare." Ya cika wannan magana a lokacin da wata sanda ta dawo da matsala ba da daɗewa ba, bai karɓi komai ba, amma saboda ya san fuskata ne; baƙon da ya zo daga Tawa ko Dosso ya koma ba shi da abin da zai nuna. Manet-manet kuma kama suke yi da juna, baƙaƙe ne a jibge cikin kwali ɗaya, kuma an taɓa miƙo mini na wani a madadin namu, ban gane ba sai da na ga wata tsaga a gefensa da namu ba shi da ita. Tun daga lokacin muke rubuta lamba da fenti a bayan kowane ɗaya. Sannan ba duk aikin ne yake yi da hannunsa ba: buɗewa da rufewa yaransa yake bar wa, kuma ɗayansu ya taɓa yage siririyar igiyar da ke haɗa faifan taɓawa na fuskar manet da farantin ciki, aka mayar mini da manet ɗin ba a gaya mini ba, sai a Bukoki muka gano. An gyara daga baya ba tare da musu ba, amma da an gwada kowane maɓalli a gabana kamar yadda aka gwada sandar, da ba a kai ga haka ba. Yanzu ba na biya sai an bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya a kan kwamfuta, kuma ina karɓar tsohon akwatin da aka cire a hannuna.

Kayan canjin ma ba kullum suke nan ba. Daga Sin ake kawo su, galibi a jakar matafiya, cikin leda marar suna, kuma mai shagon duk "orijinal" yake kiransu ko da launin robarsu ya bambanta daga wannan zuwa zuwa wancan. Ban ga ya ware masu kyau da marasa kyau ba sai bayan ya liƙa ya gwada. Idan kaya suka ƙare, "jibi" ɗinsa na iya zama mako uku, musamman a ƴan shekarun nan da shigo da kaya ƙasar ya ƙara wuya tun bayan rufe iyakar Benin a 2023. Kada mutum ya ba da kafin alƙalami a kan akwatin da bai gani a teburin ba, kuma kada ya bar manet ɗinsa a shagon yana jiran kaya, domin a can cikin kwali buɗaɗɗe zai zauna yana shan ƙurar kasuwa. Gara ya karɓi lambar wayar mai shagon, ya koma gida da abinsa, ya faɗaɗa da'irar tsakiya a saitin wasan idan wasan yana da wannan zaɓi domin ya daina kula da ƙaramar rawar sandar, ya ci gaba da amfani da shi a haka har a kira shi a ce kaya sun sauka.